Kafin Ka Miƙa wa Dillali Makullin Bunaji

Fammar, ƙasar Kibiya.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga babban ɗana.

Ina gaishe ka, ina gaida matarka da jikata, amaryata Nana. Allah Ya tsare ku a wannan tafiya da kuke shiri, Ya kai ku Gembu lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a can, Ya sa aikin duba shanun da aka tura ka ya zame maka abinci na halal. Na fara da addu'a tun zuciyata tana da sauran sanyi, domin abin da zai biyo baya ba mai sanyi ba ne.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da katanga ɗaya ce tsakanin sashensa da naka. Ni ma na yi mamakin kaina. Amma ka san gidan da muka fito. Kai ɗan fari ne, ni kuma na tashi na tarar uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya jan hira da shi. In na aika a kira ka, za ka durƙusa daga bakin zaure ka sunkuyar da kai, duk abin da na faɗa ka ce “To, Baba,” sannan ka tashi ka je ka yi abin da dama ka yi niyya. Takarda kuwa ba ruwanta da kunya. Saboda haka ka zauna ka karance ta, ba irin karatun da kake yi wa saƙon waya da babban yatsa ba.

Jiya bayan La'asar ina zaune a zaure sai ga Alhaji Ɗanliti, dillalin motocin nan na Rano. Mutumin da ko ta'aziyyar kakarka bai tako gidan nan ba, sai ga shi da ƙullin goro da fara'a har kunne. Ya gaishe ni, ya gaida ƙafata mai ciwo, ya gaida shanu, ya gaida damina da ba ta ma sauka ba. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza. Ina lura da shi, bakinsa yana wurina, idonsa yana kan ƙofar garke.

Can ya gyara zama ya ce, “Malam Gidado, wancan ƙarfen da kuka tokare ƙofar garke da shi, ai tsatsa kawai yake ci. Ka bar mini shi mana, in aiko a yi maka ƙyaure mai kyau.”

Na ce, “Me za ka yi da shi, Alhaji? Ko ka koma sana'ar gwangwan ne ba mu sani ba?”

Ya yi dariya har tumbinsa yana rawa. Ya ce, “A'a, wallahi. Tunda motar za ta zo hannuna ranar Laraba, na ce gara in haɗa ta da kayanta.”

“Wace motar?”

“Af! Yaron bai gaya maka ba? Ai mun daidaita. Zai ba ni tsohuwar jif ɗin nan ya ɗora ciko, in ba shi wata baƙa 'yar Kwatano, mai sanyi a ciki, mai kujerun fata. Irin wadda in ya sauka daga cikinta a wurin aiki za a san jami'i ya iso.”

Ka san abin da na yi? Na ce masa, “Oh, wannan maganar. Na sani mana.” Ni da furfurata, a cikin zaurena, na yi ƙarya a gaban dillali don kada ya tafi kasuwar Rano yana ba da labarin cewa ɗan Malam Gidado yana cinikin mota ubansa bai sani ba. Wannan ƙaryar kai ka sa ni, kuma ita ta fi ci mini rai fiye da cinikin. Shayin da aka kawo masa ma ban san lokacin da ya shanye ya tafi ba. Ƙarfen dai na ce masa ba na sayarwa ba ne.

Kada ka ɗauka zan ce ka dawo mini da makulli. Da ƙafata ta hagu ta daina taka kuloci, ni na ɗauki makullin na ba Baffanka Sale ya kai maka, na ce kyauta ce. Malamai sun faɗi abin da aka kwatanta mai karɓe kyautarsa da shi, ni kuwa ba zan zama wannan abin ba. Motarka ce. In ka ga dama ka ba Ɗanliti, in ka ga dama ka zuba mata ƙasa ka shuka albasa a ciki. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma akwai abin da ba ka sani ba a kan motar nan wanda dillali ya sani. Wannan shi ne abin kunyar, ni da kai duka.

Na san abin da ya raba ka da ita. Daminar bara ce, ranar sunan ɗan wan matarka, ka kwashi matarka da gwaggonninta za ku Madachi, motar ta kafe a fadamar da ke kafin gari. Ka ja ƙaramar giya, ka taka, tayoyin baya suka yi ta haƙa rami, na gaba ko motsi. Sai da surukinka ya kwance shanun nomansa daga garma aka ɗaura igiya aka ja ka, kana zaune a sitiyari, farar shaddarka ta koma ja. Ga shi kowa a ƙasar nan ya san Fulanin daji Bunaji suke kiran motar, saboda fara ce kamar shanunmu. Samarin Madachi suka samu abin yi, suna ihu wai shanu sun zo ceton 'yar'uwarsu. Ka dawo gida ka tsaya a tsakar gida, ka ɗaga murya yadda zan ji daga ɗaki, ka ce motar nan ta mutu, suna kawai ya rage mata. Na ji ka sarai.

To ka saurara. Motar ba ta mutu ba, ni na gurgunta ta. Ƙarfen nan da ke tokare da ƙofar garke, wanda kake tsallakewa kullum, farfelar gaba ce, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba. In babu ita, ka ja ƙaramar giya daga nan har tashin ƙiyama, taya biyu ne kawai za su yi aiki.

Lokacin da fetur ya yi tashin gwauron zabo, na kai ta wurin Ado bakanike a Kibiya ina ƙorafin shan mai. Ya ce, “Malam, yanzu fa rani ne, ƙasa kamar dutse. Ina ruwanka da jan taya huɗu? A cire farfelar gaba a ajiye, za ka ga mai ya daɗe. In ruwa ya sauka sai a mayar.” Rabin masu irin motar nan a ƙasarmu haka suke yi, ni ma na biye musu. Man da na rage bai taka kara ya karya ba. Kafin ruwa ya sauka kuma ciwon nan ya kayar da ni, na yi watanni ban san inda kaina yake ba, balle wani ƙarfe. Aka tsince shi a bayan rumbu aka tokare ƙofa da shi. Garin neman ƙiba na samo rama.

Ranar da labarin Madachi ya iso, kafin mai ba da labarin ya rufe baki na san abin da ya faru. Da na kira ka na ce ga matsalar, da a yini ɗaya an gama. Amma ta yaya zan kira ɗan fari in zaunar da shi in ce masa ni na yi wauta? Na ce zan gaya wa Baffanka ya gaya maka. Yau, gobe, har shekara ta zagayo. Na kira abin kunya, amma in an tona, rabinsa girman kai ne. Kada ka gaje ni a wannan. Duk ranar da ka san ka ɓata wani abu da wani zai hau, ka faɗa masa a ranar, ko da ɗanka ne, ko da yaron ofishinka ne. Kuma kada ka yarda a cire wa abu abin da ya sa ake nemansa don tattalin da bai kai ya kawo ba.

Na ɗauki nawa laifin, yanzu ka ɗauki naka. Shekara guda motar nan tana hannunka bayan Madachi, ko sau ɗaya ba ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta ba. Kai da aka koya wa duba dabba, in saniya ta kwanta ta ƙi tashi, wuƙa kake fara nema ko ƙafarta kake fara dubawa? Ɗanliti ya cire hula, ya naɗe babbar riga, ya shige ƙarƙashinta da wannan tumbin nasa, an ce kana tsaye a gefe kana latsa waya. Ya ga babu farfela, ya fito ya karkaɗe jikinsa, ya yi mata kuɗin mushe, kai kuma har da godiya. Sannan ya biyo ta bayan gida yana neman ƙarfen. Kana tsammanin ado zai yi da shi? Zai mayar ne, ya wanke ta, ya sayar wa masu shiga daji a matsayin lafiyayyar jif. Shi bai yi laifi ba, sana'arsa ke nan. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, bangon kuwa ni da kai ne.

Kuma me ya ruɗe ka a 'yar Kwatanon? Fenti. Na sani, domin ciwon gado ne, ni ma na yi shi. Shekarar da na dawo daga Hajji, jama'a suna ta zuwa barka, sai na ga motar ba ta dace da sabon Alhaji ba. A lokacin injin ya riga ya fara hayaƙi, yana shan baƙin mai kamar kunu. Mahaifiyarka ma, da ba ta san komai a mota ba, ta ce, “Malam, motar nan fa tari take yi.” Na ce ta tsaya a kan tukunyarta. Abin da ya kamata in kai wa mai inji na kai wa mai fenti a Rano. Ta fito tana ɗaukar ido, na riƙa rage gudu a gaban majalisa don a gani.

Ba a daɗe ba ciwon harbin daji ya shiga shanun rugagen da ke bayan Fassi, lokacin ina aikin duba dabbobi. Ardo Manu ya aiko a zo a yi wa garkensa rigakafi kafin cutar ta iso gare shi. Na ɗauko allurai a cikin kular ƙanƙara na kama hanya. Ina hango rugar daga kan tudu injin ya buga. Nan na yini a rana. Kafin in samu wanda zai kai ni, ƙanƙara ta narke, ruwan allura ya ɗumame, ya zama ba shi da amfani. Kafin a sake samo wani daga Kano, cutar ta shiga ta kwashe masa maruƙa, har da ɗan bijimin da yake ji da shi. Da na je jaje, Ardo bai ɗaga murya ba, ka san halinsu. Ya dafa sandarsa ya ce, “Likita, motarka ta yi kyau. Tun daga nan muka hango ta tana walƙiya, a tsaye.” Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Saboda haka in za ka gyara abu, ka fara daga inda ido ba ya gani. Shasi tukuna, wato ƙarfen da jikin motar yake zaune a kai, sannan ƙafafu, sannan birki, sannan inji. Fenti shi ne na ƙarshe, in ma an samu hali. In za ka saya ma haka ne. Makiyayi ba ya tambayar wace irin kujera ka zauna a kai, abin da ya dame shi ko ka iso da allurarka da sanyinta.

Kada kuma ka ce tsoho yana yabon tsohuwarsa. Ba na ce maka sabuwa ce ba. Na fi ka sanin ciwonta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injin yana son a sauke shi a sa masa ringi. Sifirin baya sun kwanta. Ƙofar bayan direba da igiya ake ɗaure ta. Wayoyinta kuwa in ka kunna fitila wani lokaci hon ne yake amsawa. Kuma duk wannan ba tsufa kaɗai ya jawo ba, ni ne na mayar da ita ta kowa. Duk garin da ta tsaya, bakaniken da na fara gani shi ne likitanta. Wani ya ɗaure da waya, wani ya toshe tanki da sabulu, wani ya zuba garin rogo a lagireto wai zai tsayar da yoyo. Kullum cewa nake a lallaɓa ta kai ni gida, in na isa gida kuma sai in manta. Da na tara abin da na watsar a wannan lallaɓawar na yi mata gyara ɗaya na gaskiya, da yau ba ma wannan maganar. Ka riƙe bakanike ɗaya wanda ya san motarka, ka tsaya a kansa in yana aiki, duk abin da ya cire ka ce ya nuna maka. Gyaran a-kai-ni-gida bashi ne da hanya take karɓa ranar da ba ka shirya ba.

To yanzu a gyara ko a sauya? Ba zan yanke maka ba, amma ga yadda mai hankali yake yankewa. Ka kai ta wurin Malam Idi da ke bayan tashar Rano. Tsoho ne mai faɗa, kuma ba ya sauri, amma ba ya ɗaure mota da waya. A wanke lakar ƙarƙashinta tas, a bi shasin da guduma tun daga gaba har baya, kana tsaye. In ƙarfen ya amsa da ƙara mai kyau ko'ina, to ƙashinta lafiya lau, sauran duk nama ne, ana mayarwa. Cikon da za ka ɗora wa Ɗanliti ka ɗora shi a kan inji da sifiri da birki da tayoyi, ka ga ko ba za ta kai ka inda 'yar Kwatano ba za ta ko leƙa ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

In kuwa guduma ta nutse, ko tsatsa ta riƙa zubowa gari-gari, to ka sayar. Ni na ce ka sayar, kuma ba za ka ga ɓacin raina ba. Mota mai ruɓaɓɓen shasi makara ce, ba zan so ka ɗora iyalinka a kai don tausayin tsoho ba. Amma ko sayarwar ce, ka mayar mata da farfelarta tukuna, ka tafi da Baffanka, a yi mata kuɗin mai ƙafa huɗu. Sannan ka nemi wata irinta, mai tsawo, mai jan taya huɗu, ko da ta fi wannan muni. Abin da ban yarda da shi ba, kuma ba zan taɓa yarda ba, shi ne waccan baƙar da cikinta yake gogar ƙasa ko a kan tudun rage gudu na cikin Rano.

Ka taɓa zuwa Gembu? Ba ka taɓa ba, a takarda ka gan ta. Ni na taɓa hawa dutsen Mambila ina da ƙuruciya, lokacin da aka tura mu duba bijimai. Hanya ce da take naɗewa a jikin dutse, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya in ka leƙa sai jiri ya kama ka. A sama kuma ruwa ba ya gajiya da sauka, ƙasar ja ce mai santsi, makiyayan da za ka yi wa aiki suna can kan tuddai inda kwalta ba ta taɓa zuwa ba. Fadamar Madachi da ta ba ka kunya wasan yara ce a can. A Madachi akwai suruki mai shanun noma, a can wa kake da shi? Kuma ba aikin kaɗai nake ji ba. Ranar da Nana ta tashi da zazzaɓi, asibiti yana bayan tuddai, ruwa ya kwana yana zuba, me za ka ce wa uwarta? Ta shiga ta sha sanyin mota?

Za ka ce ai ranar Asabar za ka tashi, babu lokacin gyara. Wa ya ce ka bari sai yanzu? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka hau motar haya kai kaɗai, ka je ka kama aiki, ka nemi masauki, ka ga hanyar da idonka. Ka bar matarka da Nana a nan. Baffanka zai tsaya a kan gyaran, in an gama ka zo ka ɗauki iyalinka a motar da ka amince da ita. Kada ka ce don in ƙara kwana da amaryata nake wannan dabarar. Ko da yake, akwai wannan ma a ciki.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne na fi jin nauyin rubutawa. Tabon nan da ke idon sawunka na dama, ka san kububuwa ce ta sare ka a gonarmu ta Fassi kana ajin farko a firamare. An gaya maka Baffanka ne ya kai ka asibitin Rano. Gaskiya ne, shi ya rungume ka a kujerar baya. Amma Baffanka har yau ko keke bai iya da kyau ba. Wa kake tsammani ya tuƙa?

Tsakiyar damina ce, an yi ruwa tun safe, rafin da ke tsakanin Fassi da babbar hanya ya kawo har baki. Motoci sun yi layi a gaɓa, direbobi suna zaune suna jiran ya janye. Wani a cikinsu ya tare ni ya ce, “Malam, kada ka shiga, ka jira zuwa yamma.” Na waiga na ga bakinka ya fara jini, idonka yana lumshewa. Na ja ƙaramar giya na shiga. Ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa har ya rufe mini ƙafa. A tsakiyar rafin bayan motar ya fara shawagi, ruwa yana jan sa gefe, tayoyin baya ba sa taɓa komai. Tayoyin gaba ne suka kama ƙasa suka ja mu, a hankali a hankali, har muka hau gaɓa. Wannan ƙarfen da ke ƙofar garke shi ya yi aikin.

Baffanka yana ta cewa, “Yaya, yana barci, yaron nan yana barci!” Na san in ka tafi a wannan barcin ba lallai ka dawo ba. Sai na ji bakina yana kiran sunanka. Tun daga rafin har ƙofar asibiti ina kira, da ƙarfi, kamar mahaukaci, kana amsawa da ƙyar. Da aka ce ka tsallake, na fito na zauna a mota na gyara hulata. Mutanen gari da suka biyo mu suka zo yi mini sannu, na ce musu dama ina da abin yi a Rano. Baffanka bai taɓa tayar da maganar ba. Shi da motar nan su kaɗai suka taɓa jin sunanka a bakina.

Ban faɗi wannan don ka ji tausayin ƙarfe ba. Ƙarfe ƙarfe ne, ba ya sallah, ba ya jin godiya. Na faɗa ne don ka san abin da tayoyin gaba suke yi in an bar su sun yi aikinsu, kuma ka san dalilin da ya sa cikin duk abin da na mallaka ita na zaɓa na aika maka. Da na iya magana da na faɗa maka tun ranar da na ba da makullin. Ban faɗa ba, ka ɗauka tsohon ƙarfe na jefo maka don in huta da shi. Wannan ma ni na jawo, kuma haushinsa yana cikin haushin da nake sauke maka.

Yau da safe na sa an zare farfelar daga ƙofar garke, ƙofar yanzu da igiya aka ɗaure ta. Ni da hannuna na wanke ta da kananzir, na shafa mata giris. Tsatsar a sama take, ƙarfen lafiya lau. Tana nan jingine a zaure. Gobe da hantsi, kafin Ɗanliti ya sake kawo wani goron, ka kawo motar ƙofar gida. Zan sa a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta. Ƙafata ba ta taka kuloci, amma kwanciya ba ta gagare ni ba. Mu shiga ni da kai, a tabarma ɗaya, in nuna maka inda ƙarfen yake zama. Wanda ya ga dama ya wuce ya gan mu, ya je ya ce Malam Gidado ya zubar da kunya. Bayan nan abin da ka yanke ka yanke.

Allah Ya kiyaye ka a hawa da gangara, Ya tsare ka daga santsin hanya da santsin bakin mutane. Ya tsare matarka da 'yarka, Ya sa duk inda ka kwana ka tashi lafiya, Ya dawo mana da ku muna raye. Har yanzu ina jin haushinka, kada ka ɗauka ya wuce. Amma ka zo gobe, kuma kada ka tsaya daga bakin zaure.

Allah Ya yi maka albarka, Yunusa.

Mahaifinka,
Gidado.